Sallama a Injin Yaya

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ɗakin kwamfuta a unguwar Kongo, a nan garinmu. Taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da kwali saboda na'urar sanyi da ban taɓa ganin ta yi aiki ba. A takarda mu biyu ne a ɗakin, amma abokin aikina ya fi ba gonarsa muhimmanci, don haka yawancin yini ni kaɗai ne da ƙugin injuna. Kullum da safe nakan fito da babur daga gidanmu a Ƙofar Jatau, in fita ta Ƙofar Doka, in bi ta Tudun Wada, in isa kafin masu kawo takardun bugawa su fara damuna. Mutanen unguwarmu sun ɗauka ni mai buga tafireta ne da aka yi wa ƙarin girma. Na taɓa gwada yi musu bayani a zaure, na ga kowa ya koma kallon tabarma, tun daga ranar na bar su a kan fahimtarsu.

Mutum ɗaya ne zai gane abin da nake yi, shi ne yayana, kuma a lokacin ba ma magana.

Yaya ne ya koya mini rubuta furogiram na kwamfuta, tun muna yi a takarda da fensir don ba mu da injin gwadawa. Daga baya ya samu tafiya ƙasar waje ƙaro karatu. Shekarun farko yana aiko da saƙo a kai a kai. Har ya taɓa ba wani malami da zai dawo gida ƙunshin faya-fayan kwamfuta ya kawo mini, a ciki akwai yaren kwamfuta na Perl da wani laburare na yin magana da shafukan intanet. Laburare a aikinmu ba ɗakin littattafai ba ne, aiki ne da wasu suka riga suka rubuta suka gyara, kai kuma ka ɗauka ka ɗora naka a kai. Lokacin da faya-fayan suka iso ko layin intanet ba mu da shi. Na ajiye faya-fayan a cikin gwangwanin alewa don kada tsatsa ta ci su.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuma 'yar zamanin da ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarmu ce ta goye shi, ita ta yaye shi. In Inna ta zuba masa abinci sai ta miƙo mini kwanon ta ce in kai wa wancan. Ran da zai tafi kowa ya rako shi har ƙofar gida, ita tana bayan ɗaki tana wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Wanda bai san gidajen cikin birni ba zai ce ba ta damu da shi ba. Mu da muka tashi a ciki mun san kunya ce, mun kuma san abin da take rufewa.

Malam, mahaifinmu, ya rasu da damina. Aka buga wa Yaya waya, ya ce takardunsa ba za su bar shi ya fita ya koma ba, amma zai zo da zarar ya samu hali. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi arba'in, masu gaisuwa suna tambayata ina babban, ni ina ta ƙirƙiro masa uzuri. Da na gaji na je inda ake aika imel a gari na zauna na rubuta masa, na juye masa duk abin da ke cikina ban rage komai ba. Har yau ban ga inda na yi ƙarya a saƙon nan ba. Bai amsa ba. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na rantse ba zan sake rubuta masa ko harafi ɗaya ba sai shi ya fara.

Gidan ya yi mana girma. 'Yan'uwana mata duk suna ɗakunan mazajensu, ɗaliban Malam sun koma wasu zaurukan, ni ban yi aure ba. In na dawo da yamma in yi sallama, muryar Inna kaɗai ke amsawa daga can ciki. Mu ci abinci, ta tambaye ni hanya, in tambaye ta ƙafarta da ke ciwo. Maganar da ke ran kowannenmu ba mai taɓa ta. Ni rantsuwa ta ɗaure ni, ita kuma ko da wuƙa aka sa mata ba za ta buɗe baki ta tambayi labarin ɗan fari ba. Amma ina ganin yadda take ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama da baƙuwar murya.

Cikin wannan hali aka jawo mana layin waya ɗakin aiki, aka haɗa da modem, na'urar da ke shigar da kwamfuta intanet ta layin waya. Sai an buga Legas ake shiga intanet, kuma layin yana da halinsa, ya fi yarda da mutum da sassafe. Na tuna Yaya ya taɓa gaya mini ya yi shafi nasa na kansa, a kan injin da ke bisa teburinsa a ɗakin bincikensu. Na daɗe ina ja wa kaina rai kafin na buɗe. Akwai hotonsa a sama, ya fara saukowa a hankali, layi bayan layi. Na ga sumarsa ba hula, na ga goshi, na ga idanu, yana kaiwa kan hanci layin ya yanke. Na sake bugawa, ya sake yankewa a kusan wuri ɗaya.

A nan na tuna da gwangwanin alewa. Aikin laburaren nan mai sauƙin faɗa ne: ka ba shi adireshi, ya je ya yi sallama a madadinka, ya dawo maka da abin da aka ce masa. Kowace amsa tana da kai da jiki. Jikin shi ne shafin kansa, da rubutu da hotuna. Kan kuwa 'yan layuka ne kawai, lambar da ke nuna yadda aka karɓe ka, da ranar da aka taɓa shafin a ƙarshe, da wasu bayanai na injin. Kana iya cewa kai kawai kake so, a bar jikin. Wannan ko layinmu mai ciwon asma yana iya ɗaukowa. Na rubuta ɗan furogiram da bai cika shafi ɗaya ba, na sa shi ya zama abin da ke fara tashi da zarar layi ya shiga. Laburaren yana da lokacin jira, in ya wuce ba a amsa ba sai ya haƙura ya dawo. Na tsawaita shi, don na san nisan da ke tsakaninmu. Na ce wa kaina gwajin laburare nake yi, kuma duk duniya ban samu shafin da ya dace da gwaji ba sai na Yaya.

Amsa ta dawo da lamba ɗari biyu, wadda ke nufin an ji ka kuma komai daidai. A ƙasa ga kwanan wata, bai fi mako biyu da aka taɓa shafin ba. Na daɗe ina kallon layin nan. Injin yana kunne a kan teburinsa, kuma kwanan nan hannunsa ya taɓa shi.

Da yamma muna cin tuwo na jefa maganar kamar ba komai. Na ce yanzu injinmu na Kongo yana gaisawa da wani inji a can ƙasar, wanda ke kan teburin wancan, kuma in mai teburin ya taɓa shi ina ganewa. Inna ta ci gaba da gyara fitila. Na ɗauka maganar ta faɗi ƙasa. Washegari ina shigo da babur, ko kashe shi ban yi ba, ta ce daga bakin murhu, ba tare da ta dube ni ba:

"Injin naku ya kwana lafiya?"

Na ce lafiya lau, ya amsa.

Shi ke nan muka samu hanya. Ita ba ta tambayi ɗanta ba, inji ta tambaya. Ni ban rubuta wa kowa komai ba, laburare na aika. Kullum ta tambaya, kullum in ba ta labari. Ran da babu wuta ko layi ya ƙi shiga, sai ta ce Allah ya kyauta, in ga ta rage cin abinci. Ran da na ce kwanan watan ya canza kuwa, washegari sai in tarar an yi dambu. Ni dambu bai dame ni ba, duk gidan an san mai son dambu. Haka nan nake zama in ci rabon mutumin da ke wata duniya, ina ci ina jin haushi.

Mun yi watanni a haka. Na saba da ƙarar modem har nakan gane daga kukansa ko yau zai shiga. Akwai ranakun da daga fitowata gida har komawata, in ka cire masu kawo bugu, lambar nan ɗari biyu ce kaɗai ta yi mini magana. Kaɗaici ne, ba na ɓoyewa, irin wanda mutum ke yi a tsakiyar garin da aka haife shi.

Wata safiya lambar ta canza, ta zama ɗari huɗu da uku. Wannan ba ta nufin ba kowa a gida. Tana nufin an ji sallamarka, an kuma ƙi buɗe maka. Na sake aikawa, haka. Na gwada buɗe shafin da hannu yadda kowa ke buɗewa, sai ga suma da goshi suna saukowa lafiya lau. Wato ƙofar a buɗe take ga duk mutanen duniya, furogiram ɗina kaɗai aka hana. Na fusata. Na ce lallai ya gane ni ne, kuma wannan ce amsar imel ɗina da ya riƙe tun bara.

Ban yi wa Inna kwana-kwana ba. Tana tambaya na ce an rufe mana ƙofa, an ce kada mu sake zuwa. Na faɗa da zafi, ina so ta ji abin da na ji. Ta ajiye muciya ta juyo, abin da ba ta saba yi ba in ana wannan magana.

"Da kake zuwa, kana cewa kai ne?"

Na yi mata bayani da gajiya. Kowace buƙata tana tafiya da layin da ke faɗin wanda ya aiko ta. In ba ka rubuta komai ba, laburaren yana sa sunan kansa, sunan da dubban mutane a duniya suke yawo da shi. Layinmu kuma daga Legas ta tauraron ɗan'adam yake bi, a can sai a ga kamar daga wata ƙasa dabam aka fito. Ina cikin bayanin na ji muryata tana raguwa.

"Ashe baƙo ne yake buga masa ƙofa kullum da sassafe," in ji ta, "ba ya shiga, ba ya cewa daga ina. Ko ni ce ai sai in sa sakata."

Tunda nake ban taɓa jin ta kare shi da baki ba sai ran nan, kuma a kaina ta kare shi. Na ce ni dai na rantse ba zan rubuta masa ba. Ta ce ita ba ta ce in rubuta wa kowa komai ba, ta ɗauki muciyarta.

Ɗan malami ba ya rasa ƙofar fita daga rantsuwa. A kan babur na gama fatawar: layin suna ba wasiƙa ba ne, inji ne ke gaya wa inji daga inda ya fito, ko ɗan aike ma ana tambayarsa daga wane gida. Na buɗe furogiram ɗin, na share sunan laburaren, na rubuta: daga gidan Malam, Ƙofar Jatau. Na kuma gyara shi ya riƙa nuna mini kan amsar gaba ɗaya, ba lamba da kwanan wata kawai ba, don in ga ko akwai wani abin da ya ɓoye mini. Na aika. Ɗari biyu ta dawo nan take. Sunan laburaren aka toshe, kamar yadda masu injuna kan toshe shi in ya dame su. Ba ni aka kora ba, ba a ma san na zo ba. Maimakon in ji daɗi sai na ji wani iri, don kora ma ai sai an san mutum.

Injin irin nasa yana rubuta duk wanda ya zo, da sunan da ya bayar. Ko Yaya yana duba wannan, ban sani ba. Makonni suka wuce, ɗari biyu, ɗari biyu, ko kwanan watan bai motsa ba. Na fara cewa a raina ya toshe baƙon ya manta, ba zai sake leƙawa ba.

Sai wata safiya na ga kan amsar ya ƙaru da layi ɗaya. A can ƙasa, bayan layukan Turanci da na haddace, an ƙara wani da inji ba ya rubuta irinsa da kansa:

Tana lafiya?

Ya duba ke nan. Ya ga mai zuwan kan amsa kawai yake karɓa, ba ya taɓa jiki, shi ya sa bai sa maganar a shafin ba, ya sa ta inda ya san zan gani. Wannan aikin Yaya ne sak, ko a ina na gan shi zan gane. Kuma shi ma bai ambaci sunanta ba, halin uwarsa ya ɗauko. Na matsa ƙasa ina neman layi na biyu. Na sake aikawa ko wani abu ya yanke a hanya. Babu. Ni da nake tashi da asuba in ratsa gari in yi masa sallama, ko ya kake bai ce mini ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba wanda zan gaya wa, don mutum biyun da suka rage mini su ne suke gaisawa ta kaina.

Na tarar da Inna tana tsince wake a faranti. Ban jira ta tambaya ba, na ce yau injin ya yi magana, na faɗa mata abin da ya ce. Hannunta ya tsaya a cikin waken. 

"Da Hausa aka rubuta?"

"Da Hausa, Inna."

"To," in ji ta. "Ka ce kowa lafiya."

Ta ci gaba da tsintar, amma na lura tsakuwar take mayarwa cikin faranti tana zubar da waken. Na shige ɗaki na bar ta.

Na ƙara a layin sunan: kowa lafiya. Daga nan kullum tambayar tana zuwa. Na san dalili. A cikin saitin injin ya rubuta ta, sau ɗaya, ita kuma take fita da kowace amsa. Duk wanda ya buɗe shafin nan a ko'ina a duniya, ana tambayarsa lafiyar Inna bai sani ba. Ita kuwa kullum sai ta sa na faɗa mata, kamar yau aka fara. Wata rana da haushi ya ci ni na ce mata ba fa kullum yake rubutawa ba, sau ɗaya ya sa ya tafi harkarsa, inji ne ke maimaitawa. Ta ce, "Ai bai cire ba." Ban sake tayar da maganar ba.

Da bazara ciwon ƙafar ya hau sama. Ba ta daɗe a kwance ba. Ko a kwanakin nan, in na shigo na durƙusa gefen gadon, takan motsa baki, in ce mata ya amsa, ya tambaya, sai ta lumshe ido. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, aka kai ta kafin la'asar.

Na je inda ake buga waya ƙasar waje na nemi ɗakin bincikensu. Murya ba rubutu ba ce, amma ran nan ko fatawa ban tsaya nema ba. Na faɗa masa. Ya yi kuka sosai, irin kukan da ban san yana da shi ba, ni ina riƙe da kan waya ina kallon bango. Ya ce zai zo. Na ce Allah ya kawo shi.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na share ƙurar tebur, na buga Legas, layi ya shiga, furogiram ya tashi da kansa kamar kullum, don na manta da shi sam. Ɗari biyu, kwanan wata, sai layin ƙarshe: Tana lafiya?

Ko mantawa ya yi bai cire ba, ko kasawa ya yi, ban sani ba. Yanzu yana zuwa gida duk bayan 'yan shekaru, da furfurarsa, muna hira a zauren Malam a kan komai, amma wannan ban taɓa tambayarsa ba. Abin da na yi ran nan shi ne na share kowa lafiya daga layina, na bar daga gidan Malam kawai. Furogiram ɗin kuwa ban kashe shi ba. A unguwa duk wanda ya ambace ta sai ya ce Allah ya jiƙanta, haka kuma ya kamata. Injin nan ne kaɗai ya rage yana tambayar lafiyarta kamar tana tsakar gida, ni kuma ina son in ji ana tambaya. Nakan zo da wuri fiye da da, in zauna in karanta layin, sannan in fara aikin mutane.

Ya ɗauki watanni a haka. Wata safiya aka aika, shiru. Lokacin jira ya cika, laburaren ya dawo ya ce ba a amsa ba. Na gwada wasu shafukan, duk suna buɗewa. Na tsawaita jiran, na sake tsawaitawa, har masu kawo bugu suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Daga baya na ji ya gama karatun ne, an ba wani teburin, an kashe injin.

Da yamma na bi ta Ƙofar Doka na koma gida. Na tura babur cikin zaure, na yi sallama don baki ya saba, na tsaya. A hanya duk na shirya yadda zan faɗa a hankali, cewa yau injin bai amsa ba, wataƙila matsalar layi ce. Sai da na kai bakin murhu na ga tokar ta yi sanyi, ba wanda zan gaya wa.